Yadda kukan wani tsuntsu ya tona asirin wani a duwatsun Jos

'Yan ɗakinmu sun sa min suna "mai gadin tsuntsaye" tun ranar da suka gan ni tsugune a bayan hostel ɗin Naraguta, waya a hannu, ina bin wata baiwar Allah. Na yafe musu. Amma bari in ba ku tarihin da ya sa ni tsugunon, don yawancinmu za mu gama Jami'ar Jos ba mu taɓa jin sa ba.

Akwai wani ɗan tsuntsu, namijinsa baƙi ne mai sheƙi, ba ya yin sheƙa. Macensa sai ta faki ido ta saka ƙwai a sheƙar baiwar Allah, ta bar mata reno. Ɗan da aka ƙyanƙyashe a gidan aro, kukan masu renonsa yake koya, in ya girma kuma shi yake rerawa. To kun ga, in ka saurari namijin da kyau, za ka san a gidan wa ya tashi.

Wani masani daga Jami'ar Mishigan ta Amurka, Robert Payne, ya shafe shekaru yana naɗar kukan waɗannan tsuntsaye a Afirka. A 1982 ya ba wa irin da ake samu a tsaunukan Jos suna, Vidua maryae. Sai dai tambaya ta rage: wa ke renonsa? Kukan da yake kwaikwaya ya yi kama da na wata baiwar Allah da aka riga aka sani, amma bai zo daidai ba. Da aka bi sawun kukan har cikin duwatsu, sai ga mai shi: bayan namijin ja wur, kansa ruwan toka, bakinsa shuɗi-shuɗi, ba ja ba kamar na wadda ke tsintar tsaba a tsakar gidajenmu. A 1998 Payne ya bayyana ta a matsayin jinsin da kimiyya ba ta taɓa rubutawa ba. Turawa na kiran ta Rock Firefinch. Ku duba shekarar fa, 1998. Yayyenmu suna firamare. Makiyaya da manoma sun daɗe suna ganin ta, kawai ba wanda ya tsaya ya ce wannan daban take.

Bayan shekara uku, a 2001, aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wato APLORI, a dajin Amurum kusa da ƙauyen Laminga, kimanin kilomita 15 daga cikin gari. Haɗin gwiwa ne tsakanin jami'armu, ƙungiyar kare muhalli ta NCF, Gidauniyar Leventis da mutanen Laminga masu dajin. Wurin bai wuce hekta 300 ba, amma an ga tsuntsaye sama da iri 300 a ciki. Ɗalibai na zuwa daga wasu ƙasashen Afirka ta Yamma yin digiri na biyu a can, mu kuma da muke maƙwabta sai dai mu ji suna.

Ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye ya faro ne a ƙarshen 2015, lokacin da cibiyar ta ƙaddamar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi. Ka zaɓi gida ɗaya, ka yi aƙalla awa biyu kana kallo, ka shigar da duk abin da ka gane a manhajar BirdLasser. Ba a tambayar ka kwas ɗin da kake karantawa. Balbela, hankaka, kurciya, cilakowa, shirwa, duk ana so, ko da a bakin kwata ka gan su a Farin Gada.

Wani zai ce hankaka kuma, me za a yi da lissafinsa? Haka aka ɗauki ungulu. Tambayi duk dattijon da ya san mahautar Jos a da, zai ce maka ba a iya ƙirga su. A wannan shekarar ta 2015 aka saka ungulun da muka sani cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Ta yi ta raguwa a idon kowa, mun ɗauka tana nan. Ni dai tun da na shigo aji ɗaya ban ga ko guda a sararin Naraguta ba.

Maganar hoto kuwa, kada rashin babbar kyamara ya hana ku. Hoton waya ko ya yi dishi-dishi, in launin baki da na baya sun fito, ya isa a gane. In tsuntsun ya ƙi tsayawa, ku naɗi kukansa, tunda ta kunne aka gano wadda muke magana. A bar sheƙa dai, kada a taɓa, kuma a nemi izini kafin a ɗaga waya kusa da gidan mutane, kun san garin namu.

Tawa da na bi a bayan hostel, da na ƙara girman hoton, bakinta ja ne. Ta gida ce. Asabar mai zuwa bayan sallar asuba zan gwada Amurum, mai son zuwa ya taho da rigar sanyi.