Gidan Dawuda da Asalin Almasihu

Duk wanda ya buɗe Sabon Alkawari, abin da zai fara tararwa jerin sunaye ne: wane ya haifi wane, tun daga Ibrahim har zuwa Yusufu mijin Maryamu. Masu karatu da yawa tsallake shafin suke yi. Amma Matiyu ya san abin da ya sa ya fara da shi. A wurin Yahudawan zamaninsa, mai neman a kira shi Almasihu sai ya faɗi gidansu tukuna.

Isra'ilawa kabila 12 ne, zuriyar 'ya'yan Yakubu, sai dai biyu suka fi nauyi a wannan zance. Aikin firist na gidan Lawi ne, ta wajen Haruna. Sarauta kuwa Littafin Farawa ya jingina ta ga Yahuza, tun ranar da Yakubu ya sa wa 'ya'yansa albarka gab da rasuwarsa. Daga Yahuza Dawuda ya fito, kuma annabi Natan ya kawo masa alkawarin cewa gadon sarautarsa zai dawwama. Sai Assuriyawa suka ci masarautar Isra'ila ta arewa wajen shekara ta 722 kafin haihuwar Yesu, Babila ta rushe Urushalima wajen 586, gidan Dawuda ya rasa mulki. Daga baya Hasmoniyawa suka hau sarauta, alhali firistoci ne, sarki Hirudus kuma ɗan Idumiya ne. Jama'a suka yi ta jiran wani daga tsatson Dawuda.

Ba kowa ne yake jiran mutum ɗaya ba ma. Rubuce-rubucen da aka fara ganowa a kogunan Kumran a 1947 sun nuna wata jama'a da ke sa ran shafaffu biyu, wato Almasihu biyu, na Haruna da na Isra'ila. Kirista sun tsaya a kan Yahuza. Wasiƙar Ibraniyawa ta amince cewa Musa bai ba wannan kabila aikin firist ba, sai ta danganta firistancin Yesu da na firist Malkisadik, wanda ya riga Lawi zuwa duniya.

Inda gizo ke saƙa shi ne jerin asalin guda biyu ne, kuma ba su daidaita ba. Matiyu ya bi ta Sulemanu da sarakuna, ya kasa tarihin gida uku, tsara 14 kowanne, har ya tsallake Ahaziya da Yowash da Amaziya domin lissafin ya fita. Luka ya bi ta wani ɗan Dawuda mai suna Natan, wanda bai taɓa sarauta ba, ya koma baya har Adamu. A Matiyu uban Yusufu wani Yakubu ne, a Luka kuma Heli. Tun ƙarni na 3 marubuci Yuliyus Afirkanus ya nemi sasanta su da al'adar Yahudawa: in mutum ya mutu bai haihu ba, ɗan'uwansa ya auri matar, ɗan da aka haifa ya amsa sunan mamacin. Wasu daga baya suka ce na Luka asalin Maryamu ne, ko da yake Luka bai faɗi haka ba. A ganina abin lura shi ne ikkilisiya ta bar jerin biyu yadda suke, ba ta goge ɗaya don rufe bakin masu tambaya ba. Haka ta bar Tamar da Rahab da Rut 'yar Mowab da matar Uriya a jerin Matiyu, matan da maroƙin fada zai so ya tsallake.

Su ma Romawa ba su ɗauki zancen da wasa ba. Marubucin tarihi Yusibiyus ya ruwaito daga wani marubuci, Hegesifus, cewa sarki Domishiyan, wanda ya yi mulki daga 81 zuwa 96, ya sa an kawo masa jikokin Yahuza ɗan'uwan Yesu, don an ce jinin Dawuda ne. Suka amsa asalinsu. Da ya tambayi dukiyarsu, suka ce 'yar gona ce da kuɗinta bai wuce dinari 9,000 ba, da ita suke ci suke biyan haraji. Suka miƙa masa hannuwansu ya ga kantar noma. Ya raina su, ya sallame su, suka koma suna shugabantar ikkilisiyoyi har zamanin sarki Tirajan.