Daga Ɓawon Fara Zuwa Tace Guba: Tarihin Kitosan

Iyayenmu a nan Matameye sun san jefa alam a ruwan tabki, laka ta kwanta, ruwa ya yi garau. Sai dai akwai dattin da ido ba ya gani, wato ƙarfen da ya narke a ruwa, irin su dalma. Tafasawa ba ta fitar da shi, tacewa da ƙyalle ma haka. Yau ina so in ba malamai da iyaye tarihin wani sinadari da ke kama irin wannan guba.

A 1811 wani Bafaranshe, Henri Braconnot, ya ciro wani abu mai tauri daga naman kaza. A 1823 Auguste Odier ya same shi a fiffiken ƙwaro, ya raɗa masa suna kitin. Shi ne ke cikin ɓawon ƙaguwa da jatan lande, har da farar da muke soyawa da yaji. A 1859 Charles Rouget ya dafa kitin cikin sinadari mai kaifi, dangin ruwan tokar da mata ke yin sabulu da shi, sai ya rikiɗe. Bajamushe Hoppe-Seyler ne ya kira sabon abun kitosan a 1894.

Ya daɗe ba a san darajarsa ba. Sai wajajen 1970 masana irin su Riccardo Muzzarelli na Italiya suka nuna cewa yana da zaɓe: yana cafke jan ƙarfe da dalma kamar ƙugiya, ya ƙyale gishirin da ba ya cutarwa. Shi ya sa ake ta gwada shi a kan ruwan masana'antu da na ma'adinai.

Me ya shafe mu? Mu tuna Zamfara. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma, saboda a cikin gida ake niƙa dutsen zinariya. Ƙurar ce ta fi yin ɓarna. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba yaran maganin da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, dabara ɗaya da ta kitosan. Wasu da suka rayu gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, kuma mu malamai mun san abin da hakan ke nufi a aji.

Ba cewa nake a daka fara a zuba a randa ba, sarrafa kitosan aikin masana ne. Namu shi ne hana yara wasa da tsofaffin batura, da hana niƙa dutsen ma'adinai inda ake girki. Mu kuma koya wa ɗalibai cewa hasken ruwa ba shaidar tsabtarsa ba ce. Rigakafi ya fi magani.