Tarihin Furosesa 6502 da Kwamfutocin da Aka Gina a Kanta

6502 ƙaramar furosesa ce, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta da aka dunƙule cikin ƙwayar silikon guda ɗaya. Kamfanin MOS Technology na jihar Pensilbaniya a Amurka ne ya fito da ita a shekarar 1975. A kanta aka gina da yawa daga cikin kwamfutocin gida da na'urorin wasan bidiyo da suka yi tashe daga 1976 har ƙarshen shekarun 1980, irin su Apple II da Commodore PET da BBC Micro da Atari 2600. Arahar da ta zo da ita ce ta ba ta suna, domin dala 25 kacal aka sa mata a lokacin da takwarorinta ke haura dala 150.

Asali

Kafin 1971, ƙwaƙwalwar kwamfuta tarin ƙwayoyi ce da ake jerawa a kan fanel-fanel da dama, shi ya sa sai gwamnati da bankuna da jami'o'i da manyan kamfanoni ke iya mallakar kwamfuta. A watan Nuwamba na 1971 kamfanin Intel ya fitar da 4004, mai taransista 2,300, wadda aka ƙera domin kalkuletar kamfanin Busicom na Japan. Intel ya biyo da 8008 a 1972, sannan 8080 a 1974, wadda aka fara sayarwa dala 360. A kan 8080 aka gina Altair 8800, kwamfutar da ta fito a bangon mujallar Popular Electronics ta Janairun 1975, kuma dominta ne Bill Gates da Paul Allen suka rubuta manhajarsu ta farko ta harshen BASIC.

A 1974 kamfanin Motorola ma ya fitar da tasa furosesar, 6800. Cikin injiniyoyinsa akwai Chuck Peddle, wanda ke zagayawa wurin masu masana'antu yana tallata musu ita. Duk inda ya je sai a yaba kayan, a kuma yi kukan tsada. Peddle ya kawo shawarar a ƙera wata mai sauƙin kuɗi, amma shugabannin kamfanin ba su karɓa ba. A watan Agustan 1974 shi da Bill Mensch da wasu abokan aikinsu suka ajiye aiki, suka koma MOS Technology, wani ƙaramin kamfani da ke yin ƙwayoyin kalkuleta.

Yadda aka ƙera ta

A kan faifan silikon ake buga ƙwayoyi masu yawa a tashi ɗaya, sannan a yayyanka. Idan ƙwaya ta yi ƙanƙanta, faifai ɗaya zai ba da adadi mai yawa, kuma waɗanda tabo ko ƙura za ta lalata za su ragu. Saboda haka Peddle da mutanensa suka zubar da duk abin da suka ga za a iya aiki ba tare da shi ba, har suka tsaya a taransista kimanin 3,500. Da hannu aka zana taswirar ƙwayar a kan manyan takardu. MOS kuma yana da dabarar gyara kurakuran fim ɗin da ake buga ƙwayoyin da shi, abin da ya sa masu kyau suka fi fitowa da yawa.

6502 tana da ƙafafu 40, tana sarrafa bit 8 a lokaci guda, kuma ta farko tana gudu a megahaz 1. Umarni 56 take ganewa, tana iya kaiwa ga gurbin ajiya 65,536, wato kilobayit 64. Manyan ma'ajiyoyin aikinta na ciki uku ne kawai, A da X da Y. Don cike wannan giɓi, aka ba ta gajeriyar hanya zuwa gurabe 256 na farkon ma'adanar bayanai, yadda mai rubuta manhaja zai riƙa ajiya da ɗauka a nan cikin hanzari. Da wannan hikima take yin kafaɗa da kafaɗa da furosesoshin da suka fi ta gudun agogo.

Fitowarta kasuwa

An baje kolinta a taron WESCON na San Faransisko a watan Satumban 1975, tare da 'yar'uwarta 6501 mai dala 20. Da yake an hana ciniki a zauren taron, sai MOS ya kama ɗaki a otal ɗin St. Francis, aka zuba ƙwayoyin cikin wata babbar kwalba ana sayarwa. Bayan 'yan makonni Motorola ya karya farashin 6800 daga dala 175 zuwa dala 69, sannan ya maka MOS a kotu. An sasanta a 1976, inda MOS ya biya dala 200,000 ya kuma janye 6501, wadda ake iya cusawa kai tsaye a gurbin 6800. A wannan shekarar ce kamfanin Commodore na Jack Tramiel ya saye MOS.

Kwamfutocin da aka gina a kanta

A 1976 MOS ya fitar da KIM-1, fanel tsirara mai ƙaramin kibod da gurbin lambobi shida da ajiyar kilobayit 1, a kan dala 245. Don injiniyoyi aka yi ta, amma ɗalibai da masu sha'awar haɗe-haɗe suka yi mata ca. A shekarar ce kuma Steve Wozniak, wanda aljihunsa bai kai ga 8080 ba, ya gina Apple I a kan 6502. Shi da Steve Jobs suka sayar da ita dala 666.66, kuma kimanin guda 200 aka yi.

Kasuwa ta buɗe sosai a 1977, da fitowar Apple II mai nuna launi, a kan dala 1,298, da Commodore PET, wadda ta zo da allonta da kibod da na'urar kaset a jiki ɗaya. A kaset irin na waƙa ake adana manhaja a wancan zamani. Atari 2600 ma ta fito a shekarar, da wata 6502 da aka rage wa ƙafafu mai suna 6507, kuma bayit 128 ne kaɗai ajiyarta. Abokiyar hamayyarsu TRS-80 kuwa furosesar Z80 ta kamfanin Zilog ta ɗauka. Da manhajar lissafin kasuwanci VisiCalc ta fito a kan Apple II a 1979, sai akantoci da 'yan kasuwa suka fara sayen kwamfutar domin manhajar kawai.

VIC-20 ta Commodore ce kwamfutar farko da aka sayar da guda miliyan ɗaya. Commodore 64 ta 1982, mai ɗauke da 6510, ta haura miliyan 12. A Ingila, kamfanin Acorn na Kambirij ya ƙera BBC Micro a 1981 domin shirin BBC na koyar da kwamfuta, kuma ta shiga yawancin makarantun ƙasar. A Japan, Famicom ta Nintendo ta fito a 1983 da ƙwayar kamfanin Ricoh da aka gina bisa tsarin 6502, aka sayar da fiye da miliyan 60 a duniya.

Abin da ta bari

Tauraruwar 6502 ta fara dusashewa bayan IBM PC ta 1981 da kwamfutoci masu bit 16 sun kama kasuwa. An daina ƙera Apple IIe a 1993, Commodore ya durƙushe a 1994. Sai dai tun 1978 Bill Mensch ya kafa kamfaninsa, Western Design Center, a jihar Arizona, inda ya ƙera 65C02 mai ƙarancin cin wuta. A 1983 Sophie Wilson da Steve Furber na Acorn suka ziyarci wannan kamfani, suka tarar da 'yan mutane ƙalilan a wani ɗan gida suna zana furosesa. Suka koma gida da ƙarfin gwiwar cewa su ma za su iya, kuma a watan Afrilun 1985 furosesarsu ta farko mai suna ARM ta fara aiki. Tsarin ARM daban yake da na 6502, amma darasin sauƙi da ƙanƙanta daga can ya samo tushe, kuma tsarin ARM ne a cikin kusan kowace wayar hannu da muke riƙewa yau.

Chuck Peddle ya rasu a watan Disamban 2019. Hujjarsa ita ce fasaha ba ta isa ga jama'a sai kuɗinta ya sauko daidai aljihunsu, kuma tarihi ya gaskata shi. Har yanzu ana ƙera 65C02 ana sayarwa, kuma ɗalibai da dama da ita suke fara koyon yadda kwamfuta ke aiki daga tushe.