Tafiyar Ƙafa a Duwatsun Adar: Nazari kan Hanya, Gishiri da Tsohon Addini

A ƙasar Nefal, baƙi kan biya kuɗi masu yawa su kwashe kusan mako biyu suna kewaya dutsen Manaslu mai tsayin mita 8,163. Sukan ratsa ƙauyukan mabiya addinin Buda irin su Samagaun da Samdo, su haye mashigar Larkya wadda ta haura mita 5,000. Amma ba don su aka sari hanyar ba. Tsohuwar turbar fatake ce, ta masu kai hatsi Tibet su sauko da gishiri. Abubuwa uku ne suka haɗu suka yi ta: dutse, fatauci, da addinin da ya samu mafaka a lungu. Duk ukun akwai su a Adar, tsakanin Madawa da Buza da Keita, a jihar Tawa ta Nijar.

Tudun Adar bai kai ko mita 1,000 ba, saboda haka wahalarsa ba ta ƙarancin iska ba ce. Fako ne mai tsakuwa, ƙoramu sun yayyanka shi, rayuwa kuma ta taru a kwari, musamman kwarin Magiya da na Keita. Wannan tsari ne ya ba Azna, mabiya tsohon addini, damar riƙe tsafinsu da borinsu, ko bayan da Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci ƙasar wajen 1674. Djibo Hamani ya bi tarihin sarautar Adar a littafinsa na 1975, Nicole Echard kuma ta nazarci borin yankin. Abin da za a fahimta shi ne, mai doki yakan mallaki fili, amma da wuya ya mallaki abin da ake yi a gindin dutse.

Ta fuskar fatauci, Azarori na cikin mazaunan Buzayen Kel Geres. Da damina sukan kora dabbobi arewa, wajen Ingal, su sha ruwan gishiri. Da sanyi kuwa ayarin raƙuma ya nufi Fashi da Bilma da gero, ya komo da kantu da dabino zuwa kasuwannin ƙasar Hausa. Raƙumi a nan shi ne takwaran san yak na Nefal, madugu kuma shi ne jagoran da ba a tafiya sai da shi.

Inda Adar da Nefal suka rabu shi ne alƙiblar tafiyar. A Nefal, tun da aka buɗe wa baƙi yankin Manaslu wajen 1991, tafiya ce ke kawo kuɗi har ƙofar gida. A Adar kuwa, tafiya fitar da mutane take yi: da an gama girbi, samari sun kama hanyar cin rani zuwa Nijeriya, Abijan ko Libiya. Shi ya sa lokacin da aka soma aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da kulawar hukumar FAO, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu, jera shinge da dasa itatuwa. Layukan dogon yaro na kare iska da ƙungiyar CARE ta fara dasawa a Magiya a 1975 su ma suna cikin abin da matafiyi zai gani.

Ke nan abin nunawa bai yi ƙaranci ba; tsaro da tsari ne suka rage. Tsaunukan Bagzan na Abzin, inda ƙololuwar Nijar take a mita 2,022, sun taɓa samun masu yawon ƙafa, sai tawayen Buzaye na 2007 ya kore su. Nefal ma ba ta saki baƙi sakaka ba: Manaslu sai da takardar izini da jagora. In har za a shata irin wannan zagaye a Adar, kamata ya yi masu gari da mabiya tsohon addini su faɗi wurin da baƙo zai taka da wanda zai kewaye, domin wurin tsafi ba kasuwa ba ne.