Daga Gonar Goro Zuwa Ƙofar Masaƙa

Yaranmu da aka haifa a Zangon Agege da wuya su yarda cewa wuraren nan da suke cike da gidaje da shaguna, da can gonaki ne. Amma haka abin yake. A farkon ƙarni na 20 Agege ƙasar koko ce, har manyan manomanta irin su J. K. Coker suka kafa ƙungiya a 1907. Da koko ya ja baya, sai goro ya maye gurbinsa, kuma goron nan shi ya zaunar da kakanninmu a nan. Layin dogo ya isa Kano a 1911, to sai hanya ta buɗe: huhun goro ya hau Arewa, shanu su gangaro Kudu.

Masana'antu ma daga gumin manomi suka fito. Hukumomin sayen amfanin gona suna sayen koko da gyaɗa da auduga da araha, su sayar a waje da tsada, gwamnati ta juya rarar. Da irin wannan kuɗi gwamnatin Jihar Yamma ta keɓe filin masana'antu a Ikeja, aka kuma gina Cocoa House a Ibadan a 1965. A Arewa, masaƙar KTL ta Kaduna ta fara aiki a 1957. Nan kusa da mu aka buɗe masaƙu da kamfanin taya na Dunlop. 'Ya'yan fatake suka koma leburori da direbobi da masu gadi, suka san albashin wata.

To, me ya faru? Kuɗin fetur na shekarun 1970 ya sa aka yi wa gona riƙon sakainar kashi. Daga 1986 tsarin SAP ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna suka yi tsada, ga rashin wuta, ga atamfar waje ta fasa-ƙwauri. KTL ta rufe a 2002, Dunlop ya daina yin taya a 2008.

Ai darasin a fili yake. Masaƙa ba ta rayuwa in babu auduga da lantarki. Mu da har yau abincinmu yake kan goro da shanu da gwari, mu tambayi kanmu: fatar da ake fiɗa kullum a mayankar Oko-Oba, wa yake jeme ta, wa yake ɗinka takalmi da ita? In ba mu koya wa 'ya'yanmu sarrafa abin da muke saye da sayarwa ba, dako za mu ci gaba da yi wa wasu.