Dawakan takarda da dawakan ƙanƙara

Babur ɗin ƙanƙara na farko da kamfanin Bombardier ya kai kasuwa da sunan Ski-Doo, a shekarar 1959, ƙarfin doki bakwai ne a cikinsa. Bakwai cif. Ɗan injin Kohler ne, wanda in manomi ya gan shi a bakin fadama yana jan ruwa ba zai waiwaya ya sake kallonsa ba. Kuma babu wanda ya yi ƙorafi, don ba gudu mai kamfanin, Joseph-Armand Bombardier, ya sa a gaba ba. A hunturun 1934 ɗansa ƙarami ya rasu a garinsu Valcourt, a lardin Kwibek na Kanada, saboda dusar ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti. Abin da ya nema shi ne abin hawan da ba ya nutsewa: allunan sulɓi a gaba, faffaɗar sarƙar roba a baya tana tura shi.

A wancan gefen iyaka, a jihar Minesota ta Amurka, Polaris ta fara ƙera nata a garin Roseau tun tsakiyar shekarun 1950. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Edgar Hetteen, ya bar ta ya koma Thief River Falls ya buɗe kamfanin da ya zama Arctic Cat. Mafarauta da masu ɗana tarko da ma'aikatan daji ne masu saye na farko. Amma duk inda abin hawa biyu suka haɗu, sai an nemi sanin na gaba. A 1964 aka fara tseren Eagle River a jihar Wiskonsin, wanda har yau ake yi. Kafin 1971 harkar ta bunƙasa har ana sayar da kusan rabin miliyan a shekara, kamfanoni sama da ɗari suna rububin kasuwa ɗaya. Kowa na buga yawan dawakansa a takardar talla, kuma babu alƙalin da zai ce a kawo a auna.

Shi kansa "dokin" tun asali ɗan talla ne. James Watt ya ƙirƙiro ma'aunin don ya nuna wa masu ma'adinai da masana'antu yawan dabbobin da injin tururinsa zai hutar, kuma yau ana lissafa shi a kan wat 746. Na'urar auna shi, dainamomita, wadda 'yan harkar ke taƙaitawa su ce daino, ta girmi babur nesa ba kusa ba. Gaspard de Prony ya fito da birkin awonsa a Faransa a 1821, William Froude ya kawo mai aiki da ruwa a Ingila a 1877. Abin lura shi ne daino ba ta ganin doki. Ƙarfin murɗa take aunawa da yawan juyin inji a minti ɗaya, sauran duk lissafi ne. Inda kuwa lissafi ya shigo, mai alƙalami ya sami wurin zama.

Abin da ya buɗe wa masu sayar da kayan ƙarin ƙarfi ƙofa shi ne salansa. Baburan ƙanƙara sun koma amfani da inji mai bugu biyu saboda rashin nauyi, irin injin ƙaramin janaretan nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai. Irin wannan inji ba shi da bawul ɗin da ke rufe mafitar hayaƙi, fistin ne ke buɗe ta ya rufe, don haka wani ɓangare na sabon mai yakan bi hayaƙi ya fice bai ƙone ba. Injiniya Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas ne ya gwanance wajen mayar da wannan asara riba. Ya yi salansa mai ƙaton ciki, siririya a baki, ta kumbura a tsakiya, ta sake tsukewa a ƙarshe. Wurin da ta buɗe yana tsotso iska ta cikin silinda, wurin da ta tsuke yana dawo da bugun ƙara baya, ya tusa man da ya tsere ya koma ciki daidai lokacin da fistin zai rufe ƙofa. A 1961 ɗan injinsa mai cc 125 ya ba da doki 25. A shekarar ce mahayinsa Ernst Degner ya tsere ya koma Suzuki da sirrin a kansa, daga nan ilimin ya bazu, har ya iso garejin makanikan Wiskonsin da Aidaho.

Tunda tsayin salansa da faɗinta ne ke yanke ƙarfin inji, duk mai walda da ɗan ilimin lissafi yana iya ƙera tasa ya sayar. Wasu sun yi aikin da gaske, irin su Olav Aaen a Wiskonsin da Starting Line Products a Idaho Falls. Wasu kuwa ƙara kawai suke sayarwa. Matsalar man fetur ta 1973 da wasu shekarun ƙarancin dusar ƙanƙara sun share yawancin kamfanonin babur ɗin, har Arctic Cat ta durƙushe a 1981 kafin a tashe ta, aka rage da manya huɗu: Ski-Doo, Polaris, Arctic Cat da Yamaha. Amma kasuwar kayan ƙari ba ta mutu ba.

Shekarun 1990 ne kakarta. Kamfanoni na fitar da injuna masu silinda uku, wasu kamar Polaris XLT da salansa ɗaya tak da ukun ke zubawa a ciki, don rage kuɗi da nauyi da hayaniya. Wanda ya cire ta ya ba kowace silinda tata salansar yakan sami ƙarin da ake ji a damtse, ba sai an faɗa masa ba. To, daga wannan gaskiyar ce ƙaryar ta sami gindin zama. Mai saye zai buɗe kundin talla ya ga, a ce, salansa ta ƙara doki takwas, sabon murfin silinda huɗu, bawul ɗin shaƙar iska uku, akwatin iska biyu. Ya tara ya sami goma sha bakwai, ya biya. Inji kuwa ba buhun hatsi ba ne da ake zuba mudu a kan mudu. Sau da yawa kaya biyu matsala ɗaya suke gyarawa, wani lokaci ma ɗaya na warware aikin ɗaya.

A wannan yanayi ne ɗakunan gwaji masu zaman kansu suka yi suna, musamman DynoTech Research na Jim Czekala a Batavia, jihar Niyok, wanda ke auna injuna da kayan ƙari yana wallafa sakamakon ga masu biyan kuɗin karatu. Abin da irin wannan aiki ya koya wa jama'a ba adadi ba ne kawai. Ya nuna musu hanyoyin da ake bi a sa daino ta faɗi abin da ake so ba tare da an taɓa ko lamba ɗaya da hannu ba.

A shiga ɗakin a gani. An ɗaure injin, an haɗa sandarsa da birkin ruwa, ga fanka na hura iska, ga ma'aikaci bayan gilashi da abin toshe kunne. Ya buɗe maƙura har ƙarshe, kwamfuta ta riƙa sassauta birki a hankali, juyi na hawa daga dubu shida zuwa sama da dubu takwas, ƙara kamar za ta tsaga bango, cikin 'yan daƙiƙu an gama. To ina sanyin ruwan injin yake lokacin da aka fara? Injin da bai ɗau zafi ba yana shaƙar iska mai kauri, ya ba da adadi mai kyau wanda ba zai iya riƙewa ba bayan minti biyar a kan tafki. Ina zafin salansa? Gudun bugun ƙara a cikinta ya dogara da zafin hayaƙi, don haka salansa mai sanyi da mai zafi suna kai ƙololuwar ƙarfinsu a juyi daban-daban. Sannan mai. In aka rage wa kafireta mai, injin mai bugu biyu yakan yi kuzari na ban mamaki, ya jure daƙiƙa goma a ɗakin gwaji. A fili kuwa, ana tsaka da gudu a kan daskararren tafki, sai fistin ya narke ya kama, a nemi igiya. Shi ya sa masu gwajin kirki ke buga yawan man da injin ya sha da zafin komai kusa da adadin dawakan. Takardar da ta zo da lanƙwasasshen layi kawai, babu waɗannan, ado ce.

Akwai kuma gyaran lissafi. Iska na canzawa daga rana zuwa rana, don haka ake mayar da sakamako kan wani yanayi da aka amince da shi. Sai dai yanayin ba ɗaya ba ne. Tsohon ma'aunin ƙungiyar injiniyoyi ta SAE, J607, yana ɗaukar iska mai sanyin kusan digiri 16, sabon, J1349, yana ɗaukar digiri 25 da ƙarancin matsin iska. Tazararsu ta kai kusan kashi huɗu cikin ɗari. A injin doki 150, dawakai shida ke nan da babu wanda ya ƙera su. Duk wanda ya auna injin asali da ma'auni ɗaya, ya auna kayansa da ɗayan, ya riga ya ci riba tun bai kunna walda ba. A ganina abin da kawai ke da daraja shi ne awo biyu a kan inji ɗaya, a daino ɗaya, a rana ɗaya, kafin da bayan, kuma a maimaita. Kwatanta adadin wannan shago da na wancan ɓata lokaci ne.

Ko adadin ya tabbata ma, da sauran rina a kaba. Babur ɗin ƙanƙara ba shi da giya irin ta mota. Kuloci biyu ne da bel a tsakani, aikinsu su riƙe injin a juyin da ya fi ƙarfi yayin da gudu ke ƙaruwa. In sabuwar salansa ta matsar da ƙololuwar daga 7,900 zuwa 8,300, kuma ba a sauya nauyi da sifirin na kuloci ba, injin zai zauna inda ya saba, mai shi ya ƙare da babur mai tsada, mai hayaniya, wanda tsohonsa ya fi shi gudu. Daga sandar inji zuwa ƙasa kuma, bel da sarƙa da kansu kan cinye kaso mai tsoka. Tsofaffin hannu sun fi yarda da tsohuwar hanya: babura biyu a jere a kan tafki, a yi tsere, mahaya su yi musaya, a sake.

Daga 2006 dokokin hayaƙi na hukumar kare muhallin Amurka suka fara aiki a kan baburan ƙanƙara. Kafireta ta ba allurar mai da kwamfuta wuri, kamfanoni suka koyi ƙera salansa ɗaya mai kyau tun daga masana'anta, dawakan banza da ake tsinta a da suka yi ƙaranci. Yawancin tukunyar salansar da ake saya yau nauyi take ragewa, ta ƙara amo, amon da ke sa masu gonaki rufe hanyoyin da suka ba mahaya aro.

Sai tabo, na'urar da ke tusa wa inji ƙarin iska, ya sake dagula lissafin. Arctic Cat ta fito da Z1 Turbo a 2009 da doki 177. Da Yamaha ta kawo Sidewinder a 2017, abin ya juye: kamfani na maganar 180, masu awo na waje suna samun sama da 200. A irin waɗannan injuna, sauya manhajar kwamfuta kaɗai na ƙara matsin iska ta ba da dawakai na gaske masu yawa, kuɗinsu kuma bel ne ke biya, da fetur mai tsada, da garantin kamfani.

A 2020 Ski-Doo ta fitar da Summit 850 mai bugu biyu da tabo daga masana'anta. Doki 165 aka rubuta masa, daidai da ɗan'uwansa marar tabo. An yi shi ne don masu hawan duwatsu, inda inji ke asarar kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau. A tsayin mita 2,400, marar tabon ya zubar da dawakai kusan arba'in a hanya, shi kuwa yana nan da 165 ɗinsa.