Tun Ran Gini Ran Zane: Waiwaye a Kan Tarihin Kafanchan

Gabatarwa

Duk lokacin da aka ambaci Kafanchan, abin da yakan fara faɗo wa mutane da yawa a rai shi ne rikici, har wasu sukan ɗauka cewa haka garin yake tun fil azal. Wannan fahimta ba ta yi wa tarihi adalci ba. Idan aka bi sawun al'amura a tsanake, za a tarar cewa mafi yawan abubuwan da suka sami wannan gari, na daɗi da na wuya, sun faro ne daga shawarwarin da wasu mutane suka yanke a ofis, ko a fada, ko a dandalin wa'azi. Manufar wannan maƙala ita ce a waiwayi kaɗan daga cikin waɗannan shawarwari, a ga abin da kowace ta haifar.

Layin Dogo

Kafin zuwan Turawa, wurin da garin yake a yau ƙasar noma ce ta mutanen Fantswam, waɗanda daga sunansu ne aka sami kalmar Kafanchan. Abin da ya sauya wurin ya taso ne daga nesa. A shekarar 1909 aka gano kwal a Udi, kusa da Inugu, yayin da kamfanonin Turawa suke haƙar kuza a tsaunukan Jos. Gwamnatin mulkin mallaka ta ga cewa ribarta tana cikin haɗa waɗannan ma'adinai da teku. Saboda haka aka shimfiɗa layin dogo daga Fatakwal, ya isa Inugu a 1916, sannan ya miƙe zuwa Makurɗi. Zuwa 1927 layin ya sadu da Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos. Inda hanyoyin nan suka rabu, nan ne Kafanchan. Da aka buɗe gadar Binuwai a Makurɗi a 1932, jirgi ya daina jiran fito, zirga-zirga ta ƙaru.

Injiniyoyin da suka zaɓi wannan fili sun duba yanayin ƙasa ne da arahar aiki. Amma mararrabar jirgi ba ta zama babu mutane. Ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa suka kwararo, Ibo da Yarabawa da Hausawa da Fulani, suka tarar da Fantswam da maƙwabtansu Bajju da Kagoro da Kaninkon. Cikin 'yan shekaru aka sami gari mai kasuwa da makarantu da masallatai da coci-coci, Hausa kuma ta zama harshen da ya haɗa kowa.

Ƙaurar Fada

Shawara ta biyu ta shafi sarauta. An kafa masarautar Jama'a wajajen 1810, a zamanin jihadi, ƙarƙashin Malam Usman, kuma ta kasance tana bin Zazzau. Fadarta ta asali tana Jama'ar Darroro ne. A shekarar 1933 Sarkin Jama'a Muhammadu ya mayar da mazauninsa Kafanchan. Ta fuskar mulki wannan dabara ce mai ma'ana, domin a nan ne kasuwa take, a nan ne haraji yake, nan ne kuma jirgi yake tsayawa. Turawa ma, waɗanda tsarinsu shi ne mulki ta hannun sarakuna, abin ya yi musu daidai.

To, amma akwai tambayar da ba a amsa ba a wancan lokaci: yaya masu ƙasar suke kallon lamarin? Yawancinsu ba Musulmi ba ne, kuma da yawa daga cikinsu sun karɓi addinin Kirista da ilmin boko ta hannun mishan. Suna kuma ganin maƙwabtansu na Kagoro da Moro'a da Jaba suna da sarakunan kansu. Ƙorafin neman 'yancin sarauta ya yi ta tasowa, amma hukumomi, na Turawa da na 'yan ƙasa, suka riƙa ɗage maganar. Rashin yanke shawara shi ma shawara ce, kuma yana da nasa sakamakon.

Magana Zarar Bunu

A ranar 6 ga Maris, 1987, ɗalibai Kiristoci suka shirya taron wa'azi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan. Mai wa'azin ya taɓo Alƙur'ani a cikin jawabinsa ta hanyar da ɗalibai Musulmi suka ɗauka cin zarafi ne. Gardama ta zama dambe, dambe ya fita daga makaranta ya shiga gari. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina da Kano, aka rasa rayuka, aka ƙone wuraren ibada da dukiya. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa kotu ta musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Karibi-Whyte.

Abin lura a nan shi ne yawan hannuwan da suka ɗauki wannan wuta. Akwai wanda ya furta magana, akwai wanda ya fara kai hannu, akwai wanda ya kai labari wani gari ya ƙara masa gishiri, akwai kuma wanda ya ji ya ɗauki fetur ba tare da bincike ba. Kowane ɗayansu yana da damar tsayawa. Haka kuma ƙasar ta riga ta ɗauki zafi tun 1986, saboda cece-kucen shigar Nijeriya Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi.

Shekara biyar bayan haka, a Zangon Kataf, ƙaramar hukuma ta yanke shawarar ɗauke kasuwa daga cikin tsohon gari zuwa sabon wuri. A idon Atyap, wannan hanya ce ta samun rabo a kasuwancin ƙasarsu. A idon Hausawan Zango kuwa, yunƙuri ne na raba su da abincinsu. Ba a zaunar da ɓangarorin biyu an daidaita ba kafin ranar buɗewa. Faɗa ya ɓarke a watan Fabrairun 1992, ya sake tashi da muni a watan Mayu, ya bazu har Kaduna da Zariya. Kotun Mai Shari'a Okadigbo ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot da wasu hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. A Kafanchan kanta, bikin ba sabon Sarkin Jama'a sanda a watan Mayun 1999 ya rikiɗe ya zama tarzoma, wato tambayar da aka bari tun 1933 ta dawo neman amsa. A rikicin bayan zaɓen 2011 kuwa, kasuwar garin ta ƙone.

Shawarwarin Gyara

Kamar yadda hannun mutum yake ɓarna, haka yake gyara. A 1995 gwamnatin Kanar Lawal Ja'afaru Isa ta ba Atyap da Bajju sarautun kansu, Gwamna Ahmed Makarfi kuma ya ƙara wasu masarautun a farkon mulkinsa. A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi 5, manoma da makiyaya, suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan. Waɗannan matakai ba su kawo ƙarshen zubar da jini a yankin ba, amma sun nuna cewa abin da aka yi shekaru ana cewa ba zai yiwu ba, ashe niyya kawai yake jira. Da an yi su da wuri, wataƙila da an tsira da rayuka masu yawa.

Kammalawa

Layin dogon da ya haifi garin shi ma sakaci ya cinye shi. Da gwamnatoci suka karkata ga manyan motoci, tashar da ta ciyar da dubban iyalai ta yi tsit, matasa suka rasa abin yi. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 bai bi ta Kafanchan ba. Ɗaliban da suke karanta wannan mujalla, gobe su ne za su zama kantomomi da alƙalai da malamai da masu wa'azi. Wata rana za a ajiye wa ɗayansu takarda a kan tebur, ta ɗauke kasuwa ko ta naɗin hakimi. Kafin ya sa hannu, ya kamata ya tambaya: su wa abin zai shafa, kuma an ji ta bakinsu?